Tsagar da Gam Bai Ɓoye Ba

A wurin aiki, in na yi kuskure a manhaja, Ctrl+Z zan danna komai ya dawo daidai. Sassaƙa alƙalami a injin juya katako babu wannan gata. Guntun maɗaci na huda, na cusa masa bututun tagulla mai milimita 7. Hannuna ya ɗan zarce, katakon ya tsage har bututun ya leƙo.

Nan na tuna baƙar maganar da na yaɓa wa ƙanena bara. Ya ce ya yafe, na ɗauka ta goge ke nan. Anya kuwa? Yafiya kamar gam ce, tana haɗa tsaga amma layin yana nan. Shi ya sauke nasa nauyin. Nawa, na kula da harshena, yanzu ya fara.