Doki Bai San Zaman Makoki Ba

A watan Oktoba na 2006, a birnin Kolambas na jihar Ohayo ta Amurka, wata mahayiya mai suna Stacy Westfall ta shiga filin gasa a kan wata baƙar goɗiya da ake kira Roxy. Ba sirdi, ba linzami, ba ragama. Mai sanarwa ya shaida wa jama'a cewa mahaifinta ya rasu 'yan makonni da suka wuce, kuma wannan hawan domin tunawa da shi za ta yi. Aka sa kiɗa. Goɗiya ta yi sukuwa, ta zame, ta yi ta juyi a wuri guda kamar dutsen niƙa, ta ja da baya, ta tsaya cik, duk hannun mahayiyar bai riƙe komai ba. Ita ta ci gasar a daren. Bayan shekara biyu bidiyon ya bazu a intanet, har Ellen DeGeneres ta gayyace ta shirinta na talabijin, kuma mutanen da ba su taɓa kusantar barga ba suka kalla suna share hawaye.

Wasan shi ne wanda Amurkawa ke kira reining, wato gwanintar sarrafa doki. Asalinsa aikin makiyayan shanu ne na Meksiko da yammacin Amurka, waɗanda hannunsu ɗaya kullum yana riƙe da igiyar kamun saniya, don haka dole doki ya ji magana da ɗaya hannun, ya tsaya nan take, ya juya nan take. A 1966 aka kafa masa ƙungiya, NRHA, wadda hedkwatarta take birnin Okalahoma, kuma yawancin dawakin da ake yin sa da su jinsin Quarter Horse ne, masu faɗin ƙirji da kaurin cinya.

Ga yadda ake ba da maki. Kowane mahayi yana shiga fili da maki 70 a aljihu. Akwai tsarin motsi da aka shata masa tun kafin ya shigo: manyan da'irori da gudu, ƙanana a hankali, sauya ƙafar da ke jan gaba ana cikin gudu, juyi huɗu dama da huɗu hagu, zamiya, ja da baya. Kowane motsi alƙali yana iya ƙara masa ko ya rage, daga rabin maki zuwa ɗaya da rabi, ko ya bar makin yadda yake. Wanda ya manta tsari ya bi wata hanya, sifili. Wanda dokinsa ya zarce a juyi fiye da rubu'in zagaye, sifili. A takardar alƙali babu gurbin rubuta cewa wannan mahayiya marainiya ce. Ko a rukunin da Stacy ta shiga, inda aka bar wa mahayi ya zaɓi kiɗa da sutura ya tsara motsinsa cikin minti huɗu, sai ya kawo juyi da zamiya da sauyin ƙafa da aka wajabta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe ya san zamiya, ya ga mahaya sun taho a sukwane sun yi jahi a gaban sarki. Amma namu da ƙarfin linzami ake tsayar da doki, kai ya ɗaga, baki ya buɗe, kuma wannan ma yana cikin kwarjinin abin. A can kuwa, doki ya buɗe baki ko ya yi gardama da linzami, maki ya ragu. Abin da ake so shi ne linzami yana lilo a sake, mahayi ya zauna da nauyinsa, ya furta kalma ɗaya, doki ya naɗe ƙafafun baya a ƙarƙashin cikinsa ya yi ta sulɓi a kan yashi, ƙafafun gaba suna ci gaba da takawa. Maƙeri yana buga masa takalman ƙarfe masu faɗi da santsi a kofatan baya domin wannan, kuma gwanin doki yakan bar layuka biyu a ƙasa masu tsawon ƙafa 20 ko fiye.

Irin wannan jin magana ba a samun sa cikin makonni uku na baƙin ciki. Ana fara hawan ɗan doki yana shekara biyu, a yi ta maimaita abu ɗaya safe bayan safe har kusan shekara biyu, kafin a kai shi babbar gasar 'yan shekara uku da ake yi a Okalahoma a ƙarshen kowace shekara. Ita kanta Stacy tun 2003 ta ci gasa a can ba tare da linzami ba, a kan wata goɗiyar daban, kuma horar da dawaki ita ce sana'ar da ita da mijinta Jesse suke ci da iyali. Rasuwar mahaifinta ta tarar da aikin a kammale. Masu kallo sun ga 'ya tana juyayin uba, ita kuwa goɗiya abin da ta ji shi ne matsin ƙafa da sauyin nauyi irin wanda ta saba ji kowace safiya. Da babu waɗancan safiyoyin, da niyyar karramawar ta ƙare a ƙasa, cikin yashi.

A nan ne gonar dawaki ta iyali ta bambanta da kanti ko ofis. Kanti ana iya rufe shi kwana bakwai. Washegarin jana'iza kuwa, tun da asuba dawaki suna haniniya suna buga ƙofa, suna jiran ciyawa da ruwa, kuma ba ruwansu da wanda ya rasu. Goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗauke da ciki, saboda haka ɗan dokin da marigayi ya zauna ya zaɓa wa uba, ya biya kuɗin barbara, sai bayan an binne shi zai faɗo. Masu dawakin da suka kawo horo za su yi ta'aziyya da zuciya ɗaya, amma kuɗin wata suke biya, kuma in suka ga ba mai hawa, za su aiko da mota a kwashe. Gwauruwa ko ɗa ko 'ya ba su da dogon lokacin shawara.

Wanda ya yanke shawarar ci gaba, abin da zai tarar a kan sirdi ya fi hoton da ke jikin bango nauyi. Dokin da mutum ya hora yana ɗauke da hannunsa. Inda marigayi yake taɓa shi da diddige, a nan yake jiran taɓi. In marigayi mai gaggawa ne wajen juyi, dokin ma zai riƙa riga umarni. 'Yar da ta hau dokin mahaifinta sai ta koyi zamansa da saurin hannunsa, har da kurakuransa, sannan a hankali ta fara gyara wasu. Wannan gyaran shi ne ya fi ciwo, domin kamar goge sawunsa ne, amma dokin da ba a gyara ba zai ci gaba da zarce juyi a gaban alƙali.

Akwai hanya ta biyu ta karrama mamaci, mai sauƙi, kuma ba na kushe ta. Iyalai da yawa a Amurka sukan ɗauki nauyin wani rukuni a gasar yankinsu, a sa masa sunan mamaci, a zana sunan a kan bakin ɗamara na azurfa ko a jikin sirdi a ba wanda ya ci. Wasu kan ware kuɗi don karatun yaran da ke wasan. Abu ne mai kyau, sau ɗaya a shekara, kuma cak guda ya biya shi.

Wadda nake shakka a kai ita ce ta uku: a ce dokin Baba ba mai hawansa bayan Baba. A sake shi a makiyaya, a riƙa kai masa tuffa, a nuna wa baƙi. Doki yana iya kai shekara 25 ko 30, kuma dabbar da aka saba da aiki in aka ajiye ta a kan ɗanyar ciyawa ƙiba take yi, ƙiba kuma tana jawo ciwon kofato mai gurguntawa. Cikin 'yan watanni ƙarfin cinyar da zamiya ke buƙata ya zube. In a gidan babu mai iya hawa, gara a sayar wa yaron maƙwabta da ke neman dokin koyo, ko da kuɗin bai kai ba, a sa masa sharaɗin ya riƙa faɗa wa iyalin ranar gasa.