In An Gani Tun Yana Ciki, Sai Me?

Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, don kuwa ta cikin gidanmu ce.

Inna ta haura shekara 40 ta haifi Autanmu. Ya zo da 'yan idanu a tsuke, harshe a waje, jiki laƙwas, sai da ya shekara 3 kafin ya taka. Tun ba a yi suna ba wasu tsofaffin unguwarmu a nan Zuru suka yanke hukunci, wai ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi masu abinsu su ɗauka. Inna ta ce ko maciji ta haifa nata ne. Yau Auta ya zama saurayi, bai iya canjin kuɗi ba, amma duk gidan ba mai rigansa gane ranki a ɓace yake.

Ba aljanu ba ne. Ƙwayoyin gado 46 ne a jikin kowa, su kuwa masu lalurar Down likitoci a Faransa sun gano tun 1959 cewa nasu 47 ne, kuma abin ya fi zuwa in uwa ta manyanta. To ga ni da shekara 37 da ƙaramin ciki, likita a Sakkwato ta ce akwai hoton da ake yi tsakanin sati 11 da 14, a duba bayan wuyan ɗan tayi, a haɗa da gwajin jini. Alama kawai yake nunawa, ba tabbas ba. Ta ce in yi shawara da maigida.

Na kwana ina juyi. Ni dai ban ga laifin sani ba. Kano ma ta yi doka a 2024 ba aure sai da gwaji, har da na sikila. Kuma kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haifarsu, wadda ta sani da wuri ba za ta haihu a ɗaki ba, za ta nemi asibitin da za a duba shi.

Abin da ke ban tsoro daban ne. A ƙasar Denmark, da aka buɗe gwajin ga kowace mai ciki a 2004, haihuwar irin su Auta ta ragu da kusan rabi cikin shekara 2, ba don an samo magani ba. Kada mu yi saurin cewa halin Turawa ne. Mu da ba mu da na'ura, ba bakin rafi muka nuna wa Inna ba? Mata nawa ke kulle irin yaran nan a ɗaka ranar biki don kada dangin miji su gani?

Na ce wa maigida zan yi hoton, amma ya fara faɗa mini abin da zai gaya wa Hajiyarsa in aka ga alama. Ya yi shiru, ya ce in ba shi zuwa Juma'a.