Alhakin Wa Ke Cikin Batirinmu?

Mu masu rubuta manhaja mun san ba mai gina komai shi kaɗai. Kowace manhaja tana zaune ne kan aikin wasu, su ma kan na wasu. A Disambar 2021, da aka gano ɓaraka a Log4j, ba wanda ya ce "ba ni na rubuta ba" ya koma barci. Mun kwana muna tono har ƙasa, domin asarar tamu ce.

Haka ake ƙera wayar da ke hannunmu. Apple ba ya haɗa iPhone da kansa, kamfanoni irin su Foxconn ke haɗa masa a China da Indiya. Batiri na wani kamfanin ne daban. Mai batiri ya sayi kobalt daga matata, matata daga dillali, dillali daga mai haƙa. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, wani ɓangarensa da hannu ake haƙo shi a kewayen Kolwezi. A 2016 ƙungiyar Amnesty International ta nuna har da yara a wannan aiki.

To, alhakin yaron nan a wuyan wa yake? Kowa a layin yana da takardar da ta wanke shi, domin wanda ke kusa da shi kaɗai ya ƙulla yarjejeniya da shi. Tsarin yana rage tsada, yana kuma rarraba laifi har ya zama kamar ba na kowa ba.

Sai dai janye hannu ba tsarki ba ne. Bayan dokar Dodd-Frank ta Amurka ta 2010, wadda ta shafi kuza, tantalam, tungsten da zinariya, wasu masu saye sun ƙaurace wa gabashin Kwango, masu haƙa da yawa suka rasa abin kai wa baki.

A ganinmu, alhaki yana bin iko ne. Wanda zai iya tsayar da farashi da ranar kawo kaya, ya mayar da su idan inganci ya gaza, zai iya tambayar wa ya haƙo su da nawa aka biya shi. Mu ma da muke saye ba mu fita ba. Mun iya tono idan aljihunmu zai taɓu. Me ya hana mu idan bayan ɗan wani ne ke ɗaukar buhun?