Gonar Tuffa Da Ƙaramin Kofi

'Ya'yanmu da yawa suna ƙasar Ingila yanzu, waɗansu wurin karatu, waɗansu wurin aiki. A can, musamman a yankin Somerset da Hereford, akwai wata al'ada. Ran hutu abokai su kan ce, a zo a tafi ƙauye a ga gonar tuffa, watau aful, a ɗanɗana abin da a ke yi da ita. Abin da a ke yi da ita kuwa giya ce. Ina so mu yi tunani a kan wannan gayyata, gama ba ta zuwa da kamannin gidan giya.

Gonar kanta abin sha'awa ce, aikin hannun Allah. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba a ke tara 'ya'yan. Irin da a ke shukawa domin giya ya kan yi bauri, ba ya ciyuwa da daɗi. A kan niƙa su, a matse ruwan, a zuba cikin manyan ganguna. A ranar nan ruwan ba ya bugarwa, ko yaro ya iya sha. Amma akwai yisti a jikin 'ya'yan da kayan matsa, shi ne ya ke cin zaƙin a hankali, yana juya shi ya zama barasa. Bayan makonni ko watanni, abin da ke cikin ganga ya sāke, ko da shi ke launinsa da ƙanshinsa na tuffa ne har yanzu. Ta ƙauye ta kan kai kashi 6 ko 7 cikin ɗari na barasa, ta fi yawancin giyar kwalba da a ke sayarwa a garuruwanmu ƙarfi.

To, ga yadda a ke ɗanɗanawa. Ba a ba mutum babban kofi. A kan jera masa ƙanana huɗu ko biyar, wannan mai tsami, wancan mai zaƙi, mai gona yana ba da labarin kowane itace. Ba kiɗa, ba faɗa, ba wanda ya ke tangaɗi. Saurayin da ba zai taɓa zama a gidan burukutu ba sai ya ga kamar makaranta ya zo. In ya haɗa ƙananan nan duka, ya sha babba ke nan, shi kuwa bai san ya fara ba.

Kada wani ya ce abin sha na gona ba ya cutar kowa. Manoman Ingila a dā su kan biya 'yan ƙodago wani sashi na ladansu da wannan giya, a kan ƙara musu a lokacin girbi. Mutum ya yi wuni yana aiki, rabon matarsa da 'ya'yansa ya shiga cikinsa tun a gona. Sai a 1887 majalisar ƙasar ta yi doka ta hana biyan lada da abin sha, duk da haka al'adar ta daɗe ba ta mutu ba. Nuhu ma, bisa ga Farawa sura 9, ba a kasuwa ya sayi abin da ya kunyatar da shi ba. Shi ya dasa gonar anab da hannunsa.

Ban ce kowane Bature da ya ke sha ya ɓata ba. Akwai masu bi a can da su ke sha da abinci, lamirinsu bai kāshe su ba, Romawa sura 14 kuwa ta hana mu shar'anta bawan wani. Amma surar nan ita ce kuma ta hana mu sa wa ɗan'uwa abin tuntuɓe. Ɗanmu da ya tashi cikin ekklesiyar da ta ƙi giya, wanda watakila kakansa ya fasa tukunyar fito sa'anda ya tuba, zai komo gida wata rana, ƙannensa suna kallonsa.

Ku duba Daniyel sura 1. Shi ma saurayi ne a baƙuwar ƙasa, wurin karatu, an ajiye masa abincin sarki da ruwan anab. Bai zagi kowa ba, bai kuwa gudu daga makarantar ba. Ya ƙudura a zuciyarsa tun da wuri, sa'an nan ya roƙi mai lura da su da ladabi a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa. Ya yanke shawara kafin a kawo akushi.

Haka za ka yi, ɗana, in gayyatar ta zo. In kana so, ka tafi ka ga itatuwa, ka tambayi yadda a ke aure reshe da reshe, ilimi ne mai amfani. Amma tun a hanya ka gaya wa abokanka ba ka sha, kada ka bari sai kofi yana hannunka. A gonaki da yawa a kan sayar da ruwan tuffa wanda bai juya ba, shi za ka roƙa. In ka sayi kwalba za ka kai masauki, ka tambaya ko an dafa shi, gama wanda ba a dafa ba, in ya yi kwanaki a ɗaki mai ɗumi, shi ma ya kan fara kumfa.