Fayil ɗin Wanda Ya Karye

Idan ɗan kasuwa ya karye, labarin kan riga shi isa gida. Amma mai son sanin zahirin lissafi sai ya nufi ofishin rajistara na Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a Maiduguri, domin ita dokar karayar arziki ta 1979 ta ba hurumin irin wannan shari'a. Can ba a tambayar ɗan gidan wa ne. Lambar ƙara ake so da shekarar da aka shigar da ita. A rubuta takardar nema, a biya kuɗi, magatakarda ya lalubo fayil ɗaure da zare, a buga hatimi a kan kwafin da za a ba ka.

A ciki akwai ƙorafin mai ƙara. Dokar ta ce sai bashin ya kai naira 2,000, kuɗin da yau da ƙyar zai auno mudun shinkafa. Sai kuma takardar da ta fi kowacce nauyi, wato bayanin da mai karayar ya yi rantsuwa a kansa: abin da ya mallaka a gefe guda, masu bin sa bashi a ɗaya gefen, kowa da sunansa da adadinsa.

Abin lura a nan yake. Kafin ranar da aka rubuta wannan bayani, kowane mai bin bashi nasa kaɗai ya sani. Dilan Kantin Kwari da ya ba shi atamfa a kan amana yana zaton shi ɗaya ne. Haka surukin da ya ranta masa, haka matar da ta ba shi ajiyar kuɗin adashinta. Ashe abin da ya tsayar da mutumin shi ne waɗannan ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Fayil bai ƙara masa bashin ko kwabo ba, tara su kawai ya yi a shafi guda. Daga nan a yi gwanjon kadara, masu jingina da waɗanda doka ta gabatar su fara ɗauka, ragowar a raba wa saura gwargwadon abin da kowa ke bi.

Mutuncin yawancinmu haka yake tsaye. Maƙwabcin da aka ci wa iyaka bai san yaron shagon da aka hana sallama ba, shi kuma bai san wanda aka yi da shi a majalisa ba. Malamai kan kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da muflisi, wanda zai zo ranar hisabi da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗiban ladansa ana biyan waɗanda ya zalunta har ya ƙare. Tsarin rabon kusan ɗaya ne, sai dai a can ba a cewa dukiya ta ƙare a rufe fayil: zunuban masu haƙƙi ake ɗora masa.

A unguwar Bulabulin, dab da Kasuwar Monday ta Maiduguri, ƙalilan ne za su taɓa ganin irin wannan fayil. Kundin ƙaramin ɗan kasuwa littafin bashi ne a cikin akwati. Gobarar 26 ga Fabrairu 2023 ta cinye kasuwar, ambaliyar 10 ga Satumba 2024 kuma, da madatsar Alau ta ɓalle, ta mamaye unguwar. Inda littafi ya ƙone ko tawada ta wanke, dattawan kasuwa kan zaunar da mutane, su tambayi wanda ake bi nawa ne a kansa, kuma su wa da wa.