Idan Baba Ya Fara Sayen Tsohon Kwabo da Kuɗin Fanshonsa

 

'Yan'uwa maza da mata, akwai wata jarrabawa da ke shiga gidajenmu a hankali, kuma mutane suna jin nauyin faɗarta a waje. Dattijo ne ya yi aikinsa shekara da shekaru, ko a reluwe, ko a makaranta, ko a bakin kasuwa, mutumin da a da ba a isa a cuce shi sisi ba. Wata rana 'yarsa tana share masa ɗaki sai ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Ta buɗe ta tarar da tsofaffin kwabbai masu huda an zura su a zare, da sisi da taro an ƙulle a tsumma. A makon nan kuma babban ɗansa ya duba wayar tsohon ya ga alat: dubu arba'in sun fita ranar Litinin, dubu sittin ranar Laraba, duk asusu ɗaya suka tafi.

"Baba, wa ya kawo maka waɗannan?"

"Yaron nan mai kirki da ke zuwa gaishe ni. Ya ce Turawa na nemansu ruwa a jallo."

"Nawa ka ba shi?"

"Ai ban ba shi komai ba tukuna."

Ku lura da kyau, Baba ba ƙarya ya yi ba. A iya saninsa bai bayar ba. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗaga murya a kan mahaifinsa, ya kwashi zunubi a banza, kuma gobe kuɗin su sake fita.

Mu fara da su kansu kuɗin, domin ɗan da zai kare mahaifinsa yana bukatar ya san abin da ake sayar masa. Waɗannan kwabbai kuɗin ƙasar nan ne kafin 1 ga Janairu 1973, ranar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a zamanin Janar Gowon. Anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Miliyoyinsu aka buga, tun na Turawan mulkin mallaka har na Babban Bankin Najeriya masu shekarar 1959, kuma har yau ana tsintarsu a tsofaffin adakoki. Abin da yake da yawa haka ba ya tsada. Akwai 'yan ƙalilan da masu tara kayan tarihi ke nema saboda ƙarancinsu, kuma sulallan da aka fara bugawa a 1913 azurfa ce a jikinsu, kafin a koma tagulla a 1920. Amma farashin azurfa sananne ne, maƙeri zai gwada ya auna ya faɗa maka. Dalar Mariya Tariza ma, wadda kakanninmu mata ke ado da ita, akan nuna wa tsoho 1780 a jikinta a ce ta haura shekara ɗari biyu. Ita kuwa 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan nan wannan shekarar suke ɗauke da ita, har na zamaninmu. Zancen jar zaiba da ake cewa tana ɓoye cikin tsofaffin ƙarafa kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Ita ce ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da tsada a 2009, ba wanda ya samu komai.

To me ya sa mai wayo irin Baba ya faɗa? Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mafi yawansa nau'in da ake kira Alzheimer ne, wani kuma daga lalacewar jijiyoyin jini yake zuwa, bayan hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki. Lissafin kuɗi yana cikin abubuwan da ke fara kuɓucewa. Abin jiya yana gogewa, abin shekara sittin yana nan daram. Shi ya sa tsohon zai gaya maka sule nawa ya sayi kekensa na farko, amma dubu sittin ta yau ba ta da nauyi a zuciyarsa. Idan ya riƙe kwabon nan a tafin hannunsa, ya riƙe abin da ya sani ne a cikin duniyar da ta fara zame masa baƙuwa. Macuci ya gane haka tun kafin 'ya'ya su gane.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin wannan hali tun tuni. A aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har sanin da yake da shi ya kuɓuce masa. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, ya keɓe lokacin tsufan iyaye da ambato, ya hana ko da nuna ƙosawa, ya hana tsawa, ya yi umarni da magana ta girmamawa. A aya ta 5 ta Suratun Nisa'i kuma ya hana a sakar wa wanda ba ya iya tattali dukiya, ya ce a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai kyau. Duka biyun suna kanka lokaci guda, kai ɗa. Idan ka zuba ido aka kwashe fanshon da sunan biyayya, ka yi sakaci da amana. Idan ka fizge waya ka ce "Baba ka rikice" a gaban jikoki, ka saɓa wa ayar Isra'i.

Yadda ake haɗa biyun, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna mana a aikace. Akwai wani sahabi Ba'ansare, Habbanu ɗan Munƙizu, wasu ruwayoyin kuma sun ce mahaifinsa ne. An taɓa yi masa rauni a ka, raunin ya taɓa hankalinsa da harshensa, sai ya zama ana yawan cutarsa a ciniki. Iyalinsa suka je wurin Manzon Allah suka roƙi a hana shi saye da sayarwa. Aka kira shi aka hana shi, ya ce shi ba zai iya haƙurin barin ciniki ba. Manzon Allah bai yi masa faɗa ba, bai kuma tsare shi a gida ba. Ya koya masa ya riƙa sharɗanta rashin yaudara a duk cinikin da zai yi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. A ruwayar Ibn Majah an ƙara cewa ya ba shi zaɓin kwana uku, in ya ga dama ya riƙe kaya, in ya ga dama ya mayar. Saboda nauyin harshensa ko kalmar sharaɗin ba ya iya furtawa daidai, amma an karɓa masa. Ya yi tsawon rai har zamanin Sayyidina Usmanu, lokacin da mutane suka yi yawa a Madina. An ruwaito cewa idan ya mayar da kaya mai kaya ya ƙi karɓa, sai wani sahabi ya shaida cewa Manzon Allah ne ya ba shi wannan dama, a mayar masa da dirhaminsa.

Malamai sun yi saɓani ko zaɓin kwana ukun nasa ne shi kaɗai. Amma ku dubi tsarin. Iyali ba su ɓoye ba, sun kai magana gaba. An bar wa mutumin abin da ransa ke so, aka toshe ƙofar cuta. Jama'ar gari kuma suka tsaya masa.

Haka nake ba ku shawara ku yi. A bar wa Baba kwabbansa. Kada wani ya kwashe gwangwanin ya zubar, domin zai wayi gari yana nema, ya zargi matarsa ko jikansa da sata, gida ya hargitse. Ku zauna da shi ku ce ya koya wa yara wanne ne anini wanne ne taro. Idan son saye ya motsa, ɗaya daga cikinku ya je wurin masu sayar da kayan tarihi, irin na Kasuwar Kurmi a Kano, ya sayo masa 'yan kaɗan a farashinsu na gaskiya. Kullum a sa masa 'yan kuɗi a aljihu, waɗanda ko sun salwanta ba za a girgiza ba, domin dattijon da ya saba ba almajiri sadaka da yi wa jika kyauta, idan ya laluba aljihu ya ji wayam, wani abu yana karyewa a ransa.

Babban kuɗin shi za a yi wa katanga. Ku raka shi banki a rage iyakar abin da zai iya turawa a rana, a rufe tura kuɗi ta waya idan da hali, a sa alat ya riƙa shiga wayar amintacce ɗaya. Katin cirar kuɗi ya koma hannun wanda aka yarda da shi, a sauya lambar sirri, a kuma gaya wa mai POS na unguwa halin da ake ciki. Shi kuma "yaron nan mai kirki", a tare shi a gaban mai unguwa ko limami a nemi kuɗin, in ya ƙi a kai shi hukuma. Idan ya kira waya, wani ya ɗauka. Baƙon Baba kada ya shiga ɗaki sai da ɗan gida a zaune. Idan Baba ya nace yana so ya biya, kada ku yi musu da shi, musu ba ya cin wannan ciwo. Ku ce, "To Baba, bari mu kai a duba mana ingancinsa tukuna," kuma ku kai ɗin da gaske. Sau da yawa kafin la'asar maganar ta wuce.

Kuma ku kai shi asibiti da wuri. Akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa alhali suna jin magani, kamar ƙarancin sinadarin B12, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, ko illar wasu magunguna da yake sha. Idan ma ciwon ne, takardar likita za ta yi muku amfani a banki da gaban alƙali. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga asibitocin koyarwa. Addu'a da tofi ba sa hana ganin likita. Ku kuma ji tsoron Allah game da cewa an yi masa asiri, musamman idan za a nuna kishiya ko wata tsohuwa da yatsa. Zumunci nawa ya tsinke a kan zargin da ba shi da tushe.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi. Kai da aka ba riƙon kati, dukiyar nan ta mahaifinka ce har ranar da Allah zai karɓi ransa. Ba gado ba ce da aka fara rabawa. Na ga gidajen da 'ya'ya suka kori macuci na waje, sannan suka zauna a kujerarsa: a ci bashi a asusun tsoho ba a biya, a kai masa takardar fili ya dangwala hannu bai san me ya sayar ba. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kai kuwa naka yana rubutu. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗa ba ya zama waliyyin dukiyar mahaifinsa don kawai shi ne babba. Hana baligi taɓa dukiyarsa, abin da malaman fiƙihu ke kira hajru, hukunci ne da alƙali ke yankewa bayan an tabbatar da hali, shi ne kuma ke naɗa mai kula. Saboda haka idan akwai gida ko gona ko kuɗi mai yawa, ku je kotun shari'a a yi abu a fili. Idan da sauran fahimta a tare da tsohon, ku nemi ya wakilta wanda yake so tun yanzu a gaban shaidu, domin wakilci sai mai hankali ke bayar da shi. Ku sayi littafi ku rubuta shiga da fita, duk wata a nuna wa 'yan'uwa, har da matan da ke gidajen aure, har da 'yan ɗakin da ba naku ba. Abincinsa da maganinsa da tufarsa daga ciki za su fito ba tare da ƙwauro ba, kuma idan dukiyar ta kai nisabi zakka tana kanta, mai kula ne zai fitar.

Kada kuma a bar wa mutum ɗaya ɗawainiyar. Galibi wata 'ya ce ko matar ɗa ke wanki da goge-goge da amsa tambaya ɗaya sau goma, sauran suna aiko da gaisuwa ta waya. Ku karɓe ta, ko da yini ɗaya a mako.

Sai kai mai kai wa tsoho kwabo. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka kira shi Baba, ka sha ruwan gidansa, sannan ka karɓi kuɗin maganinsa a kan ƙarfen da ka san bai kai kuɗin ƙosai ba. Wannan zamba cikin aminci ce. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta sharɗanta yarda a ciniki, kuma wanda bai san me yake bayarwa ba bai yarda da komai ba. Ko mai cikakken hankali ne aka zarce masa farashi da sulusi ko fiye alhali bai san kan abin ba, Ibn Asim ya kawo a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu ke aiki da shi, cewa yana da damar kai ƙara matuƙar shekara ba ta wuce ba. To ina ga wanda ya manta ya biya ka jiya? Istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin mutum. Ka lissafa abin da ka karɓa, ka kai wa 'ya'yansa a gaban shaida tun tsohon yana da rai. In kunya ta hana ka, ka ba limamin unguwa ya miƙa.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da su lafiya.