Zuwa ga ƙanwata da aka mayar ɗakin tiyata



Shekaranjiya bayan isha'i wani dattijo daga cikin masu bin mu salla a nan Kwaciri ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. 'Yarsa ta gama makarantar koyon aikin jinya, ta yi 'yan watanni a ɗakin majinyata, yanzu an mayar da ita ɗakin tiyata. Ya ce, "Malam, ni fa hankalina bai kwanta ba. Ga ganin al'aurar maza, ga salla na wucewa. So nake in ce ta nemi canji, in ba haka ba ta ajiye aikin."

Na ce Baba a yi haƙuri, a bari in ji ta bakinta. Ta aiko da tambayoyinta ta hannun maiɗakina, na ga amsar za ta amfani wasu, shi ya sa na kawo ta nan.

Batun al'aura ba zan tsawaita ba. Malaman fiƙihu sun halatta kallo da taɓawa don magani gwargwadon buƙata, ba ƙari. Ta shaida mini ma lulluɓe majinyaci ake yi da ƙyalle, a bar wurin aikin kaɗai. Kuma mu ne fa masu kuka idan za a yi wa matanmu aikin haihuwa muka tarar duk maza ne a ciki. To 'yar wa muke so ta shiga? A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, a tantin Rufaida da ke masallaci Annabi (SAW) ya sa aka kwantar da shi, ita ke jinyar masu rauni.

Salla kuwa, idan kin san aikin zai cinye lokacin la'asar, ki haɗa ta da azahar kafin ki shiga. Idan azahar ce ta riske ki a ciki, ki jinkirta ta zuwa la'asar. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko ruwan sama ba, don kada a ƙuntata wa al'umma. Amma la'asar ba ta haɗuwa da magariba, kuma kada rangwame ya koma al'ada ranar da kike da mai karɓar ki.

Tambayarta ta uku ce ta hana ni barci, wallahi. Ta ce an ɗora mata ƙirga: audugar tsane jini, allurai, almakashi, hantsaki. A ƙirga kafin a tsaga, a sake ƙirgawa kafin a ɗinke. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan cikin jerin binciken tiyata da ta fitar a 2008. Ta ce, "Malam, idan ƙirgata ta gaza da ɗaya, ga babban likita ya gaji yana son rufewa, ni sabuwa, ya zan yi?"

Ƙanwata, ki yi magana. Da ladabi, amma da muryar da za a ji. Wannan da ke kwance an yi masa allurar barci, bai san inda kansa yake ba, ba ya iya kare jikinsa, ba ya iya cewa a dakata. Danginsa na waje kan benci suna jan carbi. Audugar da aka manta a cikinsa tana iya zama ruɓa, zazzaɓi, wani aikin na biyu, wataƙila ma ajali. Idan kika yi shiru don kunya, wannan ba kunyar da Musulunci ya yaba ba ce, tsoron mutum ne. Tsawar likita zuwa gobe ta wuce. In kuma ke kika yi kuskuren lissafi, an yi asarar mintuna kaɗan, shi ke nan.

Haka abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji. Mutum in yana farfaɗowa yakan yi sambatu, ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba. Kada ya fito daga ɗakin nan, ko a hira da ƙawaye, balle hoto a waya a tura WhatsApp.

Na koma wa Baba da wannan jiya da asuba. Ya yi shiru, sannan ya ce zai bar ta, amma in gaya mata ta riƙa shiga da alwala. Na gaya mata.

Wallahu a'alam.